Yabon Hitila ba taimakon Falasɗinawa ba ne

Duk lokacin da wuta ta tashi a Gaza, sai ka ga wasu matasanmu suna ɗora hoton Hitila a Facebook suna yi masa kirari. Takaicin jinin Falasɗinawa da ake zubarwa yana da dalili. Amma mai yabon Hitila bai san wanda yake yabo ba, kuma wannan jahilcin ne ya kamata jami'o'inmu su kawar.

Gwamnatin Nazi ta Jamus ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a lokacin yaƙin duniya na biyu, har da ƙananan yara. Kisan bai faro daga ɗakunan iskar guba na Auschwitz ba. Da baki aka fara, ana kwatanta su da ɓeraye. A 1933 aka kore su daga aikin gwamnati. A 1935 dokokin Nuremberg suka raba su da ƴancin ɗan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa.

Abin lura ga ɗalibi shi ne, masu ilimi ne suka yi wannan aiki. Ɗaliban jami'a ne suka ƙona littattafai a Barlin a watan Mayun 1933. A taron Wannsee na Janairun 1942, inda aka tsara kisan, takwas daga cikin mutum 15 da suka zauna masu digirin dakta ne. Ashe digiri kaɗai ba ya hana mutum zama azzalumi.

Baƙar fata ma bai tsira ba. A 1937 ƴan Nazi sun yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus tiyatar hana haihuwa ta dole. A watan Yunin 1940, a Chasselay kusa da birnin Liyon na Faransa, sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka ta Yamma daga shugabanninsu Turawa, suka bindige su. Da kai mai ɗora hoton kana wurin, a wane layi za a sa ka?

Ƴan uwanmu da ke ci-rani a Libiya da Turai sun san zafin a raina mutum saboda launin fatarsa. Ƙiyayyar Bayahude don Bayahude ne da ƙiyayyar baƙi don baƙi ne, uwarsu ɗaya.

Don haka muna kira ga jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa da su ba wannan tarihi gurbi, tare da cinikin bayi da kisan Ruwanda na 1994. Ranar 27 ga Janairu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2005 don tunawa da waɗanda aka kashe, dama ce ta shirya lacca da muhawara. Ɗalibin da ya san wannan tarihi zai iya sukar gwamnatin Isra'ila da hujja, ba tare da ya tsine wa al'umma guda ba.