Bita a otal ba ta warkar da yaro

Makon jiya na raka ɗan yayata asibiti. Shekararsa 16, ya daina zuwa makaranta, abinci ma sai an yi da gaske, kullum yana ƙunshe a ɗaki. Tun bakwai na safe muke layi, sai bayan azahar muka shiga. Ko minti biyar ba a yi ba likita ta rubuta magani. Na ce, "Likita, ba za a zauna a ji ta bakinsa ba?" Sai ta nuna min ƙofa, mutane maƙil har baranda.

Na fito da haushinta, amma tsakani da Allah ba ita ta kashe zomon ba, rataya aka ba ta.

Tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce matashi mai ciwon damuwa a fara masa da jinyar tattaunawa, irin CBT, kafin a kai ga ƙwaya. Ita CBT zama ne na kusan awa guda duk mako, har tsawon watanni, ana koya wa yaro kama mugun tunani da komawa harkokinsa a hankali. To wadda layi ke jira, ina za ta samo awa guda? A wane ɗaki, alhali labule ne kawai tsakaninka da na gaba? Wane yaro ne zai faɗi sirrinsa kawunsa na tsaye a kansa? Ni ma kaina ban kyauta ba da na ƙi fita.

Abin da ke ƙona min rai shi ne bita. A tara ma'aikata kwana uku a otal, a raba satifiket da alawus, a ɗauki hoto. Ranar Litinin kowa ya koma layinsa, babu wani na sama da zai zauna da shi ya duba yadda yake aiki da abin da ya koya. Ba a jima ba ya manta.

Su ma ma'aikatan akwai nasu laifin. Wasu har yanzu gani suke magana ba magani ba ce, in ba a rubuta ƙwaya ba ba a yi aiki ba. Mu ma iyaye haka muke.

A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Madalla. Amma doka ba ta gina ɗaki. Kuma ku tuna ɗaruruwan da aka fito da su daga gidan mari a Rigasa a 2019, akasari iyayensu ne suka kai su da hannunsu.

An ce mu dawo bayan wata guda. Yaron ya ce shi ba zai koma ba, wai ko sunansa ba a tambaya ba.