"Kiɗa Ya Tashi" Ba Rubutu Ba Ne

Muƙalar wannan makon za ta ɗan yi zafi, wanda ya ji an taka masa ƙafa ya yi haƙuri, ya kuma tanadi amsarsa.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a rubutun katun da matasanmu ke yi yanzu, musamman masu mayar da tatsuniya zane mai motsi don ɗorawa a YouTube da TikTok. Marubuci zai cinye shafi guda yana bayanin rigar Gizo da yadda Ƙoƙi ta ɗaura ɗankwali, amma da an zo wurin sauti sai ya rubuta kalma uku: kiɗa ya tashi. Shi ke nan, ya wuce. Wane kiɗa? Mai kauri ko siriri? Ya tashi ne kafin kura ta leƙo ko bayan ta leƙo? Oho. Mai haɗa hoto kuma sai ya yanko amo daga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ya liƙa. Gizo yana satar gyaɗa a gonar sarki, kunnenka yana jin bikin aure a Mumbai. Bayan kwana biyu YouTube ta gane kiɗan, mai shi ya karɓe kuɗin tallar, ko a toshe bidiyon gaba ɗaya. Wahalar wata uku ta tafi a banza.

In ka yi magana amsa biyu ake ba ka: ba mu da kayan aiki, kuma ai marubuci ba makaɗi ba ne. Mu da ke nan Kusa, bakin iyakar Jibiya, ba wanda zai koya mana rashi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina har da tamu, muka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya aika saƙo. Maganar wutar lantarki kuwa kada ma a tayar da ita. Duk da haka muna cewa uzurin nan bai karɓu ba, kuma hujjarmu ta haura shekara casa'in a duniya.

A ƙarshen shekarun 1920 fim ya fara magana. Yadda ake adana sautin shi ne abin lura. A gefen zaren fim, kusa da ramukan da majigi ke kamawa, akwai wata siririyar hanya da faɗinta bai kai milimita uku ba. In ka ɗaga ta ga haske za ka ga baƙin zane mai haƙora kamar na zarto. Majigi yana haska fitila ta cikin hanyar, a ɗaya gefen akwai wani ƙwai mai jin haske da ke mayar da ƙaruwa da raguwar hasken zuwa lantarki, lasifika kuma ta mayar da lantarkin amo. In haƙoran sun matsu da juna amo ya fito siriri, in sun yi tazara ya fito da kauri. Girmansu shi ne ƙarfin amon, siffarsu kuma ita ke bambanta muryar sarewa da ta algaita. Hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Amon da makaɗan Turai ke daidaita kayan kiɗansu da shi haƙori 440 ne a daƙiƙa, wato kusan 18 a gefen kowane hoto.

To in dai sauti zane ne, me zai hana a zana shi da hannu, ba makaɗi, ba makirufo? A watan Oktoba na 1929 wasu mutum uku a Tarayyar Sobiyet suna duba zaren sautin wani fim da ake haɗawa a kan shirin gwamnati na shekara biyar: mai tsara kiɗa Arseny Avraamov, injiniya Evgeny Sholpo, da mai zanen katun Mikhail Tsekhanovsky. Na ukun ne ya tambaya, in aka ɗauko adon Misira ko na Girka ta dā aka ɗora a wannan hanya, wane amo zai fito? Daga wannan tambaya kowa ya kama tasa hanyar.

Avraamov, wanda tun 1922 ya yi kiɗa da jiniyar masana'antu da ta jiragen ruwa da igwa a birnin Baku, ya kafa wani ɗakin gwaji a Mosko a 1930 mai suna Multzvuk, suna zana siffofi a takarda suna ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Nikolai Voinov almakashi ya ɗauka. Yana yanka takarda ta zama haƙora, kowane amo da nasa yankin, da haka ya haɗa kiɗan wani katun na 1934 da sunansa ke nufin Ɓarawo. Sholpo kuma a Leningirad ya ƙera na'urar da ya kira Variophone, wadda zuciyarta fayafayen kwali ne da aka yanke wa gefe, suna juyawa suna yanka haske. Ya ci gaba da aiki da ita har lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya, mutane suna mutuwa da yunwa, sai a 1943 harsashin igwa ya faɗo ya tarwatsa ta. Ku gaya mana, wane rashi ne ya kai wannan?

A Jamus ma ana ta yi a lokaci guda. Rudolf Pfenninger a Munik ya zauna ya nazarci siffar kowane amo, ya zana ta da hannu a dogayen takardu, ya nuna aikinsa a 1932. A wannan shekarar Oskar Fischinger a Balin ya bi ta hanyar ado, yana ɗora zane-zane masu kyau a hanyar sauti ya ji abin da za su ce. A nan muna so mu ja kunnen masu saurin murna. Wani zai ce to ai shi ke nan, mu ɗauko aska takwas ko dagin Arewa ko zanen ƙwarya mu mayar da su kiɗa. Ba haka abin yake ba. Ƙwan majigi bai san kyau ba, yawan hasken da ya wuce kawai yake ƙirgawa, don haka ado mai ban sha'awa yana iya fitowa da ƙugi kamar injin niƙa. A ganinmu Pfenninger ne ya fi kama gaskiya: ka fara sanin amon da kake so, sannan ka nemo masa siffa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da mai rubuta "kiɗa ya tashi" ya ƙi yi.

Wanda ya kai abin ga idon duniya shi ne Norman McLaren, ɗan Sikotilan da ya koma hukumar fina-finai ta Kanada a 1941. Tun kafin nan, a Niyok, ya yi gajerun fina-finai da alƙalami da tawada kai tsaye a jikin zaren fim, hoton da sautin duka, babu kyamara. Daga baya shi da abokiyar aikinsa Evelyn Lambart suka shirya katuna masu layi-layi, kowane kati amo guda. Da su ya yi sautin fim ɗinsa Neighbours na 1952, wanda ya ci lambar Oscar. Labarin maƙwabta biyu ne da fure ya tsiro a kan iyakar gidajensu, suka kafa shinge, suka kaure da faɗa har suka hallaka iyalan juna da kansu. Ba a furta kalma ko ɗaya a ciki, amon da aka zana ne ke yin gardamar. Wanda ya zauna a garin da aka rufe wa iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, ba ya bukatar a fassara masa wannan fim.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne abin kunyar yake. Ka tsallaka Magama ka shiga Ɗan Isa, ka wuce Maraɗi da Madawa, ka karya ka nufi Tawa. A wannan gari na ƙasar Adar, inda Hausa ce harshen kasuwa, Moustapha Alassane ya zauna ya kafa wurin aikinsa. An haife shi a 1942 a N'Dounga kusa da Yamai, makaniki ne tun asali, ya koyi aikin fim tare da Jean Rouch, sannan ya tafi Kanada ya zauna a gaban McLaren ɗin nan da muka ambata. Abin da ya ɗauko a can shi ne zane mai motsi da ɗabi'ar yin aiki da abin da ke hannu. Katun ɗinsa La Mort de Gandji ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A wannan shekarar ya fitar da Bon Voyage Sim, 'yan mintuna kaɗan, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya kai ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, shaguɓe ga shugabannin da suka karɓi mulki daga Turawa. Yana da wani da ya yi da 'yartsana mai suna Kokoa, kokawar gargajiya ce amma kwaɗi ne a fage. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Mutum nawa ne a cikin masu ce mana katun aikin Japan da Amurka ne suka taɓa jin sunansa? Haka nan Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗansa na fiyanon lantarki a kaset a Yamai a 1978, gidajen rediyo da talbijin na Nijar suka yi shekaru suna sa shi tsakanin shirye-shirye. Sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013 sannan duniya ta waiwayo. Shinkafa da taliya sun san hanyar tsallako wannan iyaka, labarin waɗannan mutane ne kawai ya kasa.

Sai uzuri na biyu, wai marubuci ba makaɗi ba ne. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ka koyi goge. Amma Bahaushe ne ya fi kowa rashin damar faɗin wannan magana. Harshenmu da karin sauti yake tafiya. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita baƙaƙe ɗaya ne a boko, hawa da saukar murya ne kawai suka raba su. Shi ya sa kalangu ke iya magana, makaɗi yana matse tsarkiya yana saki, amo yana hawa yana sauka kamar harshe. Ga kuma kalmomin amo da muka gada: abu ya faɗa ruwa tsundum, buhu ya faɗi tim, awarwaro na kacau-kacau, takalmi na ƙwas-ƙwas. Kowace ɗaya tana gaya maka kaurin amon da tsawonsa da inda ya yanke. Kaka mai ba da tatsuniya ba ta taɓa cewa "Gizo ya yi magana" ta yi shiru ba, sai ta kwaikwayi tsamin bakinsa, kuma da wannan tsamin baki yara ke gane shi tun ba a faɗi sunansa ba. Ita ba ta da takarda ta yi wannan. Kai da ke da takarda da difloma ka kasa?

Akwai ƙorafi na uku, wanda ya fi waɗancan nauyi, kuma muna girmama masu yin sa. Suna cewa duk wannan kiɗan inji ne, shi ya kori kalangu da kukuma da gurmi daga fina-finan Kano. Mun yarda an kore su. Amma abin da ya kore su shi ne fiyanon Yamaha da amonsa da aka riga aka dafa a kamfani, mai sitidiyo ya danna maɓalli ya huta. Masu zana sauti kishiyar wannan suka yi. Avraamov ya tsani yadda fiyano ya kasa amo gida goma sha biyu ya hana abin da ke tsakani, har an ruwaito ya taɓa ba da shawarar a ƙone duk fiyanon ƙasarsu. Abin da yake nema shi ne amon da ke tsakanin maɓallai, irin wanda kukuma ke zamewa ta bi ta kansa ba wahala. Marubucin da ya san amon da yake so zai gane da wuri cewa fiyano ba shi da shi, sai ya nemi mai gurmi a gari, ya ɗauke shi da waya, ya biya shi haƙƙinsa. Mai rubuta kalma uku ba zai taɓa neman kowa ba.

Kayan aiki kuwa wayar da ke hannunka ta fi duk abin da Sholpo ya taɓa gani. FlipaClip tana zana katun a waya. Audacity kyauta ce a kwamfuta, in ka zuƙo sauti sosai tana ba ka fensir ka gyara haƙoransa da hannu, kuma da zarar ka sauke ta ba ta neman intanet. Akwai ma PhonoPaper ta Alexander Zolotov, wadda za ka yi zane a takarda ka nuna wa kyamarar waya ta karanta maka shi da amo. Fensir da bayan takardar jarrabawa sun isa gwajin farko. Sai dai in kun yi ku adana. An ruwaito cewa yawancin zaren da Avraamov ya tara 'ya'yansa ne suka ƙone shi suna wasan roka, don zaren fim na wancan zamani yana kama wuta kamar fetur.

Ga abin da muke nema a rubutun da za ku riƙa turowa. Maimakon kalma uku, a rubuta kamar haka: Gizo yana sanɗa, kowane taku amo siriri guda, tsit tsakaninsu. A taku na biyar amon ya maƙale bai fito ba. Shiru na daƙiƙa biyu. Sai wani amo mai kauri ya taso daga ƙasa a hankali, kamar an ja turmi a daɓe, tun kura ba ta bayyana ba. Gizo ya juyo. Amon ya yanke ƙaf. Layi shida ne, ba su ci ko naira ɗaya ba, kuma mai haɗa hoto da ya karanta su ba shi da inda zai cusa bikin Mumbai. Duk rubutun katun da ya zo wannan zaure da "kiɗa ya tashi" kaɗai, tambayar farko da za mu yi wa mai shi ita ce wane kiɗa, kuma ba za mu duba rigar Gizo ba sai ya amsa.