Ordinater ɗaya, mabuɗi ɗaya: in an ɓata takardarka, wa za ka kama?

ƴan uwa matasa, bara na raka ƙanwata wani biro a yankinmu domin a gyara shekarar haihuwarta da aka rubuta ba daidai ba. Ina tsaye sai na ga lambar sirrin ordinater an rubuta ta a ƴar takarda an manna a jikin allon. Sakatare ya shiga da ita. Ɗan koyon aiki ya shiga da ita. Wani abokinsu da ya zo da kile zai buga takardar neman aiki, shi ma da ita ya shiga. Da na tambaya wa ya yi kuskuren, amsa ɗaya ce: "Wallahi ba ni ba ne." Kuma ba yadda za a gane, don a wurin na'ura su duka mutum ɗaya ne.

Abin ga ba ƙarami ba ne. Daga Tasawa zuwa Korgom da Urafan, daga Mayahi zuwa Kanambakashe da Isawan, sunayenmu, ranakun haihuwarmu da takardun filayenmu suna ƙaura daga rajista zuwa na'ura. A zamanin rajista ko ba komi rubutun hannu yana tona mai shi. Yau in kowa da suna ɗaya yake shiga, ba sawun da za a bi. Kuskuren shekara ɗaya kuwa ya isa ya hana yarinya zama jarabawar BEPC.

Maganin ba ya son miliyoyi. Windows ɗin da ke cikin na'urorin nan ya yarda a buɗe wa kowane ma'aikaci shafinsa, da sunansa, da lambar sirrinsa. A tsara shafukan iri ɗaya: manhajojin aiki kawai, ba ikon saka wata ko goge wata. Mai shigar da bayani daban, mai ikon gyara daban. Aikin a adana shi wuri guda a kan rezon biro, kar ya kwana a kilen wani. Ranar da aka canza wa ma'aikaci wurin aiki, ranar za a rufe shafinsa.

Wannan kariya ce ga ma'aikaci mai gaskiya ma, don ba za a ɗora mishi laifin wani ba.

Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan sirri na ƴan ƙasa, ga kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido. Amma doka ba za ta taso daga Yamai ta cire takardar da aka manna a allo ba. Wannan aikin shugaban biro ne, kuma aikinmu ne mu tuna mishi.

Don haka in ka je karɓar takarda, ka tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, kowa da shafinsa yake shiga?" In an ce a'a, ka rubuto muna, mu kai maganar gaban hukumomin kwamin tare.