Ba za mu taɓa asusun taimako don gudun koyon sabuwar manhaja ba



Tun da aka sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin ofishin ƙungiya daga Windows zuwa Linux Mint, guna-guni bai yanke ba. Wasu na cewa an lalata kwamfutocin. Wasu na cewa a kira mai gyara ya mayar da abin da aka saba. Har akwai masu neman a ciri kuɗi daga asusun taimako a sayo sababbi. Tun da kuɗin na kowa ne, gara mu amsa a nan inda kowa zai gani.

Ba don marmari aka yi sauyin ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kariyar da ya saba bayarwa, kuma ƙarin wa'adin da ya ware wa masu kwamfutar gida bai wuce Oktoban 2026 ba. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, amma daga nan duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano, ba mai toshe ta. Windows 11 kuwa tana bukatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 ko wadda ta biyo baya. Namu 'yan gwanjo ne da aka sayo a Computer Village ta Ikeja, sun girmi wannan sharaɗi, amma lafiyarsu ƙalau.

Masu cewa mai gyara zai iya cusa Windows ta bayan fage, mun san zai iya. Amma ku tuna abin da ke cikin waɗannan kwamfutoci: sunayen mambobi da lambobin wayarsu, wanda ya biya kuɗin wata da wanda ake bi, rancen da aka bai wa 'yan kasuwa, da jerin marayu da matan da mazansu suka rasu. Amana ce. Wanda ya fasa manhajar ya watsa ta a intanet, wa ya san abin da ya ɓoye a ciki? A shekarar 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urorin asibitocin gwamnati a Ingila, har aka soke ganin marasa lafiya, saboda ba a sabunta kariyarsu ba. In asibitin Ingila bai tsira ba, ina ga ɗan ofishinmu?

Batun sayen sababbi kuwa, ba za mu sa hannu ba. Da wannan asusu ake kai gawa gida ko a yi mata sutura a nan, da shi ake belin ɗan uwa in an kwashe masa babur. A ce an zuba shi a kwamfuta don wani bai ga maɓallin da ya saba gani ba?

Ba mu ce babu wuya ba. Kwanakin farko hannu yana zuwa inda ya saba ya tarar ba komai. Babu Word da Excel; akwai LibreOffice, inda Writer ke aikin wasiƙa, Calc ke aikin lissafi, kuma suna buɗe tsofaffin takardunmu. Wani lokaci layi kan ɗan goce saboda bambancin salon haruffa, shi ya sa duk takardar da za ta fita waje a mayar da ita PDF. Wanda ke neman faifan C ya daina, takardunsa suna cikin Home. Ba a sauko da manhaja daga kowane shafi a danna. Akwai rumbu guda da ake zaɓa daga ciki. Kwafa da liƙawa ba su sauya ba, Facebook da WhatsApp na buɗewa kamar jiya. Akwai ma tsarin rubutun Hausa, a rubuta ƙ da ɗ da ɓ, a daina kiran ƙasa "kasa".

Abu ɗaya masu ƙorafi suka yi gaskiya a kai: CorelDraw ba ta aiki a kan Linux kai tsaye. To, sau nawa muke buga kalanda da katin gayyata a shekara? Dama can masu ɗab'i na Shomolu ke yi mana.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne masu surutun. Ba dattawanmu ba ne. Matasa ne masu takardar shaidar kwamfuta, waɗanda ashe wurin maɓallai suka haddace. Mutanen da suka sauka Legas ba su jin ko gaisuwa da Yarabanci, yau suna ciniki da shi a Mile 12. Suka bar Nokia mai tocila suka kama Android. Suka koyi POS da lamarin takardun kuɗi ya tsananta a 2023. Su ne za a ce wa Calc ta gagara?

Daga wannan Asabar, bayan sallar La'asar, ofis zai kasance a buɗe don koyo, awa ɗaya kowane mako. Ma'aji da masu karɓar kuɗin wata su fara zuwa, domin takardunsu ne suka fi yawa. Wanda ke da tsohuwar laftof a gida ya zo da ita tare da filas. Za a gwada masa Linux daga kan filas ɗin ba tare da an goge komai nasa ba.

Wassalam.
Sakatare