Masu jif a Agege, a bar ta a AUTO

Jama'a, daga Ikeja zuwa Pen Cinema kwalta ce, amma da damina kana karyawa lungunan Zango sai laka da santsi. A nan AUTO na jif irin Nissan X-Trail ke da rana: tayoyin gaba ke jan motar, da sun fara sulɓi sai ta tura ƙarfi baya da kanta. LOCK kuwa na fita daga caɓi ne, a busasshiyar kwalta mai da taya kawai yake ci.

Abin haushi, wasu makanikai kan cire farfelar baya wai don rage shan mai, a bar ka da suna kawai. Kafin ka biya kuɗin tokunbo a Berger, leƙa ƙarƙashinta.