Idan Babur Ya Mutu A Daji, Wa Zai Ɗauko Shi?

Da zarar an kawar da amfanin gona, sai tafiye-tafiye su tashi: tarurrukan gunduma, bukukuwan aure da ziyarar gida ta Kirsimati. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu, musamman masu bishara da malaman makarantun ƙauye, ba su da abin hawa sai babur, kuma da shi suke cin kilomita ɗari biyu ko uku, wani lokaci da uwargida a baya da buhu a kan tanki. Kowa yakan duba mai da birki kafin ya tashi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, in babur ya mutu tsakanin gari da gari, ga yamma ta yi, wa zai ɗauko shi, wa kuma zai biya?

Wasu sukan ce ai suna da inshora. To, a duba takardar da kyau. Wadda doka ta tilasta wa kowane mai abin hawa ita ce ta biyan wanda ka yi wa ɓarna. A watan Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade kuɗinta ga babur naira 3,000 a shekara, a biya har naira miliyan ɗaya in ka lalata dukiyar wani, kuma a Fabrairun 2025 'yan sanda suka ƙara matsa lamba wajen neman ta a hanya. Takarda ce mai amfani, muna kuma kira ga kowa ya yanke ta gaskiya, ba ta 'yan kamasho ba. Amma ba za ta gyara naka babur ba, balle ta turo mota ta ɗauko shi. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kira 122, sai dai aikinta ceton waɗanda suka yi haɗari ne da buɗe hanya. Janwenta ba na kai wa mutum babur gida ba ne.

A ƙasashen Turawa an daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Akwai ƙungiyoyin da mutum ke biya duk shekara domin su zo masa a bakin hanya: AAA a Amurka tun 1902, AA a Ingila tun 1905, da ADAC a Jamus, wadda ma masu babur ne suka kafa ta a 1903. Amma can ɗin ma wanda bai karanta sharuɗɗa ba yakan sha mamaki. A sassa da dama na Amurka ƙaramin rajista na AAA mota kaɗai ya shafa, sai an ƙara kuɗi kafin babur ya shiga. Nisan ɗauka kuma ƙayyadadde ne. Rajista na tsakiya yakan kai mil 100, wato kilomita 160, alhali ƙungiyar masu babur ta Amurka, AMA, an san ta da mil 35, kimanin kilomita 56, wanda bai kai rabin tafiyar Jos zuwa Bauchi ba. Abin da ya haura wannan, daga aljihunka. Saboda haka mai hankali a can yakan tambayi abu uku kafin ya biya: shin da sunan babur a takardar, har ina za a kai shi, kuma da wace irin mota?

Wannan tambaya ta ƙarshe ta shafe mu ƙwarai. Babur ba a jan shi kamar mota, ɗaukar shi ake yi a tsaye a bayan akori-kura, a rufe makunnin fetur, a ɗaure shi da igiya ta kusurwa huɗu. In aka kwantar da shi, fetur da baƙin mai su zube. Al'adar nan tamu ta ɗaura igiya wani babur ya ja, ko a riƙa tura shi da ƙafa daga baya a kan babban titi, ta jefa mutane da dama a ƙarƙashin tirela. Gara a bar shi a gidan mai unguwa ya kwana.

Duk kamfanin da ya zo yana tallar irin wannan taimako a birane, a yi masa waɗannan tambayoyi uku, a ƙara da ta huɗu: yana da mota a hanyar Numan ko ta Kafanchan, ko kuwa iyakarsa Abuja da Legas? In babu, kuɗinka sadaka ce.

Mu a ganinmu, abin da zai yi mana aiki yanzu yana hannunmu. Kowace gunduma tana iya tara masu babur da ke yawan tafiya mai nisa, su kafa asusu, kowa ya riƙa zuba wani abu duk wata. Ba daga baiko za a cire ba, kada a kawo gunaguni. A rubuta ƙa'idodi tun farko: nisan da asusu zai biya, sau nawa a shekara ga mutum ɗaya, da kuma cewa kuɗin ɗauka kawai ne, ban da na gyara. Mun ga asusu da yawa sun watse saboda an bar irin wannan a baki, ran da matsala ta zo kowa ya tuna abin da ya yi masa daɗi. In maƙwabci ɗan acaba yana son shiga, a buɗe masa ƙofa ba tare da tambayar inda yake sujada ba, domin su suka fi kowa sanin bakanikawan hanya.

Abu mafi muhimmanci ma ba kuɗin ba ne, jerin sunaye ne. Sakataren gunduma ya tattara lambobin wayar bakanike, mai faci da mai akori-kura a kowane babban gari da ke kan hanyoyin da muke bi, tare da gidan fasto ko dattijon da zai iya saukar da baƙo. A buga a takarda, kowa ya saka a ƙarƙashin kujerar babur, domin waya takan mutu, wasu wuraren kuma babu sabis. A sabunta shi duk shekara.

Matafiyi kuma ya riƙe tiyub, famfo, fulogi, mahaɗin sarƙa da wayar kulochi, ya tashi da sassafe yadda ko an sami matsala rana tana sama. Ya kuma tambayi halin da hanya take ciki, domin wasu jihohi sukan hana hawan babur saboda tsaro, kamar yadda Kaduna ta yi a 2021. Muna roƙon shugabannin gundumomi su sa wannan magana cikin ajandar zamansu na gaba, kafin tafiye-tafiyen Disamba su kankama.