Bukatar Ɗakin Binciken Laifuffukan Kwamfuta a Jami'o'inmu

 Gaskiyar magana ita ce ƙarancin kuɗin da aka yi a farkon 2023 ya canja yanayin ciniki a karkara. Dillalan rake a Makarfi, da manoman tumatir da barkono a Ikara da Kudan, da yawansu sun koma karɓar kuɗinsu ta waya. Tare da wannan sauƙi sai ga macuta masu tura saƙon shigar kuɗi na jabu, su yi awon gaba da kaya.

Dokar hukunta irin waɗannan laifuffuka tana nan tun 2015, an kuma gyara ta a 2024. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen hujja. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kafin kotu ta karɓi bayanin da ya fito daga kwamfuta, tilas a nuna yadda aka samo shi, kuma na'urar tana aiki sosai. A 2012, cikin shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen Gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardun da aka ɗauko daga intanet saboda rashin cika wannan sharaɗi.

Wannan aiki kuwa ba a koyonsa a kan allo kurum. Ɗalibi na bukatar ɗakin gwaje-gwaje inda zai kwafi dukkan abin da ke cikin waya ko kwamfuta ta hanyar na'urar da ke hana a canja ko da harafi ɗaya, ya fitar da lambar hatimi mai tabbatar da cewa kwafin daidai yake da asali, ya farfaɗo da saƙonnin da aka goge, sa'an nan ya rubuta sunan duk wanda kayan shaidar suka bi ta hannunsa.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Jihar Kaduna ta 2004, su ne mafi cancanta da ɗaukar wannan nauyi. Ya kamata Gwamnati ta tanadi na'urori, da wutar lantarki tsayayya, da kuɗin sabunta manhajoji kowace shekara, a kuma buɗe ƙofar ɗakin ga 'yan sanda da alƙalai. In ba haka ba, manomi zai ci gaba da kai ƙara, macuci kuwa yana fita daga kotu don rashin hujja.